Dankalin Turawana yana yaushi: in shuka ragowar irin ko in haƙura?

Mai Lambu, Hanwa:
Assalamu alaikum, 'yan uwa masu lambu. Ina neman shawararku a kan matsalar da ta taso mini a ɗan lambun da ke bayan gidana. A makon farko na watan Nuwamba na sayi kwando ɗaya na ƙananan dankalin Turawa a hannun wani mai kayan gwari, wanda ya tabbatar mini cewa daga Filato aka kawo shi kuma na iri ne. Na shuka rabi a kunyoyi shida, na ajiye rabin a ɗakin ajiya da niyyar shukawa idan na gama gyara ɗaya ɓangaren. Ya fito da kyau har maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna yabawa, amma yau kwana biyar ke nan da na lura cewa gindi huɗu a kunya ta biyu suna langaɓewa da rana, su ɗan farfaɗo da yamma, kashegari kuma su sake kwantawa. Na ɗauka ƙishirwa ce, na ƙara ruwa, sai abin ya ƙara muni. Ganyen bai yi rawaya ba, bai kuma ƙone ba, yana nan kore shar, sai dai ya yi laƙwas kamar an watsa masa ruwan zafi. Jiya na zazzage ragowar irin, na tarar guda takwas sun ruɓe suna wari, wasu kuma akwai busasshiyar ƙasa da ta daskare a kan idanunsu. Tambayata biyu ce: shin akwai maganin feshin da zai tsayar da wannan yaushi, kuma shin zan iya yanke wurin da ya lalace a jikin ragowar irin in shuka ɓangaren da ke da kyau?

Manomin Rani, Dakace:
Wa alaikumus salam, Malam. Mu da muke noman rani a bakin kogin Galma mun saba ganin haka, kuma ba mu ɗauke shi abin tayar da hankali ba. Ka zubar da waɗanda suka ruɓe gaba ɗaya, waɗanda kuma ruɓar ta ɗan taɓa ka yanke wurin da kaifin wuƙa, ka barbaɗa toka a kan yankan, ka shanya a inuwa kwana biyu kafin ka shuka. Haka mahaifina yake yi, haka nake yi. Waɗanda suke cikin ƙasa kuwa ka sayi maganin feshi na Ridomil ka fesa musu, kada ka tsaya jira.

Baba Tsohon Malamin Gona, Samaru:
Malam na Hanwa, kafin ka kashe ko kwabo a kan magani, ina roƙonka ka yi wani ɗan gwaji da ba zai ci maka minti goma ba. Ka tuge gindi ɗaya daga cikin masu yaushin, ka wanke ƙasan karan, ka yanke guntu kamar tsawon yatsa daga ɗan sama da jijiya. Ka samo kofin gilashi ka cika shi da ruwa mai tsabta, ka rataya guntun karan yadda bakin yankan zai ɗan nutse a ruwan ba tare da ya taɓa gindin kofin ba, sannan ka ajiye a wurin da ba za a girgiza shi ba, ka zuba ido. Idan ka ga wani farin abu kamar zaren hayaƙi yana saukowa daga bakin yankan, ka zo ka gaya mana. Bayan haka ka ɗauki guda uku daga cikin irin da ƙasa ta daskare a idanunsu, ka raba kowane biyu a kwance, ka duba ko akwai zobe mai ruwan ƙasa a ciki kusa da ɓawo, ka kuma ɗan matsa ka ga ko wani abu mai kama da mugunya zai tsattsafo daga zoben.

Ɗan uwana na Dakace, ba na raina abin da ka gada, kuma shanya yankakken iri a inuwa domin bakin yankan ya bushe dabara ce mai kyau. Sai dai ruɓar dankali ba iri ɗaya ba ce. Akwai busasshiyar ruɓa, wadda za ka ga ɓawo ya yamutse ya lotsa, cikin ya yi rami mai fumfuna, kuma yawanci ta wurin rauni take shiga lokacin haƙa ko lodin buhu. Akwai jiƙaƙƙiyar ruɓa mai wari wadda zafi da rashin iska suke hura wa wuta. Akwai kuma wadda take bin hanyoyin ruwa na cikin dankalin tun daga uwar shukar, kuma ita wannan duk yadda ka yanke ba za ka raba ta da sauran jikin ba. Abin da Malam ya bayyana, wato ganye kore yana yaushi da rana kuma ƙarin ruwa yana ƙara masa ciwo, ya fi kama da ta ukun.

Manomin Rani, Dakace:
Allah ya ƙara girma, Baba. Na ji bayaninka, amma ina ganin ku ma'aikatan gona kuna da saurin cewa a zubar, alhali kuwa kwandon iri ba kyauta ake samunsa ba. Ko da cutar ce da kake zato, me zai hana a yi feshin tukuna a ga abin da Allah zai yi?

Ɗalibar Aikin Gona, Samaru:
Baba na Dakace, ka yi mini izini in sa baki, ko da yake ni ƙarama ce a cikinku. Maganin da ka ambata an yi shi ne domin cututtuka irin na ƙunar ganye, musamman wadda take addabar manoman Bokkos da Mangu a jihar Filato da damina idan sanyi ya haɗu da laima, wato wadda ganye yake yin baƙin tabo mai jiƙa, bayansa kuma ya yi farin gashi-gashi da safe. Ita ce cutar da ta faɗa wa dankalin ƙasar Ayalan a shekarar 1845, ta jawo yunwar da ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya. To amma tana buƙatar ganye ya daɗe a jiƙe, kuma a hunturun Zariya da leɓen mutum ma yake tsagewa saboda bushewar iska, ba kasafai take samun wurin zama ba. Idan kuwa yaushin bakteriya ne, ƙwayar cutar tana cikin kara ne ta toshe hanyar da ruwa yake bi ya hau ganye, shi ya sa shukar take nuna alamar ƙishirwa alhali gindinta a jiƙe yake. Feshin da aka yi a kan ganye ba zai kai gare ta ba, kuma ko da ya kai, maganin ba nata ba ne.

Mai Lambu, Hanwa:
Baba, na yi yadda ka ce, kuma gani ya kori ji. Na soke guntun karan da tsinken tsire na ɗora a bakin kofin, ban fi minti uku ina kallo ba sai ga fararen zare guda biyu suna saukowa a hankali, siriri kamar hayaƙin turaren wuta, har ruwan ƙasan kofin ya fara yin gauraye. Na kira uwargida ta gani da idonta domin kada ya zama idona ne yake yaudarata. Dankali uku da na raba kuwa, biyu suna da zoben nan mai ruwan ƙasa, da na matsa sai ɗigo-ɗigon farin ruwa mai yauƙi ya fito a jere a kan zoben. Na ukun fari ne tas a ciki. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, waɗannan biyun idan ka gan su daga waje ba za ka ce da wani abu a jikinsu ba, har sun yi tsiro mai kyau.

Baba Tsohon Malamin Gona, Samaru:
To, Malam, sai haƙuri, wannan yaushin bakteriya ne, kuma gaskiyar da ba ta da daɗin ji ita ce babu maganin da za ka saya a kanti ya warkar da gindin da ya kamu. Aikin da ke gabanka yanzu shi ne ka hana cutar bazuwa, domin asarar gindi huɗu ƙarama ce idan aka kwatanta da lalacewar ƙasar lambun kanta.

Ka fara da ruwa, tun da shi ne babban abin hawanta. Idan kana sakin ruwa ne ya bi kwarin kunya daga wannan gefe zuwa wancan, ka daina daga yau, ka koma ba kowane gindi da garwa ko butar ban ruwa, kuma ka rage yawansa. Gindin da suka kamu ka haƙe su da jijiyarsu da 'ya'yansu da ƙasar da ke kewaye da su, ka zuba kai tsaye a cikin buhu a nan inda ka haƙa, kada ka ɗauko su a hannu ƙasa tana zuba a kan sauran kunyoyin. Ka fitar da su daga lambun ka ƙone, ko ka binne a rami mai zurfi inda ruwa ba ya bi. Kada ka jefa su a juji ko ramin takin gargajiya, domin badi da hannunka za ka kwaso cutar ka watsa ko'ina. Ni da ni ne, zan haɗa da gindin da ke dama da hagu na kowane mai ciwo, ko da suna tsaye lafiya. Wasu suna zuba toka a ramin da aka haƙe, ba na hana wannan, amma kada ka ɗauka ta wanke ƙasar. Fartanya da wuƙar da ka yi aiki da su ka kankare ƙasar jikinsu, ka jiƙa su a ruwan Hypo, kashi ɗaya a cikin kashi tara na ruwa, ko ka gasa bakinsu a wuta. Takalmin da kake shiga lambun da shi ma ka wanke.

Ragowar irin kuwa kada ka shuka ko ɗaya, har da waɗanda suka yi fari tas a ciki. A nan ne shawarar yanka take da haɗari ƙwarai, domin wuƙar da ta ratsa mai ciwo ɗaya za ta shafa wa duk wanda ta taɓa bayansa, ka ga mutum ya fara da ruɓaɓɓe biyu ya ƙare da kwando guda.

Hajiya Mai Lambun Bayan Gida, Tudun Wada:
Baba, Allah ya saka da alheri. Ni tambayata ta kicin ce. Wannan rabin kwandon da aka ce kada a shuka, shin za a iya dafa masu kyaun a ci, ko cutar tana kama mutum? Sannan ni ina da tumatir da attaruhu a gefen inda nake son sa dankali bana, ko akwai matsala?

Ɗalibar Aikin Gona, Samaru:
Hajiya, wannan cutar ta tsirrai ce, ba ta kama ɗan Adam, saboda haka wanda aka raba aka ga cikinsa lafiya ana iya dafawa. Sai dai sharaɗi biyu: kada a ci wanda ɓawonsa ya yi kore ko ya yi dogon tsiro, domin koren nan yana tafe da guba mai ɗaci da ke ɓata ciki, kuma kada a ci idan ana zaton an barbaɗa masa maganin ajiya. Ɓawon da aka fere da ruwan da aka wanke shi kada a watsa su a lambu, wanda na san al'adarmu ce a gida. Game da tumatir kuwa, lallai akwai matsala, domin dankalin Turawa da tumatir da attaruhu da tattasai da gauta da yalo duk dangi ɗaya ne, kuma wannan ƙwayar cutar tana cin su duka. Har gautan kaji da ke fitowa da kansa a gefen katanga yana iya riƙe ta.

Mai Lambu, Hanwa:
Na haƙe gindi goma sha ɗaya da yammacin nan, raina a ɓace. Gobe in Allah ya kai mu zan koma wurin mutumin da ya sayar mini, domin ya rantse mini cewa iri ne mai kyau, kuma na biya fiye da kuɗin na ci.

Ɗan Kasuwar Gwari, Sabon Gari:
Malam, Allah ya mayar da alheri, amma ina roƙonka ka je da sanyin rai. Ban san wanda ya sayar maka ba, sai dai na san yadda kayan nan suke zuwa hannunmu. Buhu ne ake lodawa daga kasuwannin Filato, an tattaro shi daga gonaki daban-daban, idan ya iso sai a zazzage a ware manya domin masu suya da masu abinci, ƙananan kuma a tara su gefe a ce na iri ne saboda masu shuka su suke nema. Mai sayarwar bai taɓa ganin gonar da aka haƙo shi ba, kuma kai da kanka ka ce daga waje ba a gane mai ciwon. Rantsuwar da ya yi ce kuskurensa, domin ya rantse a kan abin da bai sani ba.

Baba Tsohon Malamin Gona, Samaru:
Ɗan kasuwa ya faɗi gaskiya, kuma ya taɓo ainihin inda gizo yake saƙa. Abin da muke kira iri a kasuwa, dankalin ci ne da aka tace ƙananansa. Ku yi tunani, wace shuka ce ta fi haifar ƙananan 'ya'ya? Ita ce wadda ba ta da lafiya, musamman wadda ta kamu da cututtukan bairos da darɓa, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, take yaɗawa, irin waɗanda suke sa ganye ya naɗe ko ya yi dabbare-dabbare shukar ta tsumbure. Duk wanda ya zaɓi ƙanana daga tarin da bai san asalinsa ba, ya zaɓi 'ya'yan marasa lafiya da yawa ba tare da ya sani ba, kuma haka iri yake lalacewa shekara bayan shekara har manomi ya ce ƙasarsa ce ta gaji.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu mutanen Zariya musamman. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, Bokkos da kewayenta ma haka, kuma a sanyin can wannan bakteriya tana iya kwanciya a cikin dankali shiru ba tare da shukar ta nuna alama ba. Manomin can zai iya haƙe gonarsa da zuciya ɗaya yana ganin lafiya lau take. Da an sauko da dankalin nan ƙasarmu, inda ranar farkon Nuwamba take da sauran zafi, ga kuma ruwan da muke malala masa, sai cutar ta farka. Saboda haka mai yiwuwa ne babu wanda ya cuce ka da gangan tun daga gona har kwandonka.

Manomin Rani, Dakace:
Baba, na karɓi maganar wuƙa, domin yanzu na tuna shekarar da na yanka iri da yawa saboda ya yi mini kaɗan, fangali biyu suka kwanta, na ɗora laifin a kan taki. Amma har yanzu ina da ja a wuri ɗaya. Idan irin kasuwa ba abin yarda ba ne, me zai hana mutum ya riƙa ajiye nasa daga gindin da ya ga lafiyarsu da idonsa?

Baba Tsohon Malamin Gona, Samaru:
Dabarar da ka kawo sananniya ce, kuma cibiyar binciken dankali ta duniya da ke Lima a ƙasar Peru ta daɗe tana koya wa ƙananan manoma ita: a bi gona lokacin da shuka ta kusa fure, a kafa tsinke a gindin waɗanda suka fi lafiya, a sake dubawa bayan 'yan makonni a cire tsinken duk wanda ya canja, sannan a haƙe masu tsinken daban kafin sauran. A Filato tana aiki sosai. Matsalarmu a nan ita ce ajiya. Mu muna haƙa a Fabrairu, ba za mu sake shuka ba sai Nuwamba, wato wata tara ke nan, kuma a tsakani akwai zafin Maris da Afrilu da tsutsar da take huda dankali a ɗaki. Dankali kuwa barcinsa bai fi wata biyu zuwa uku ba kafin ya fara tsiro, daga nan sai ya riƙa shanye kansa yana yamutsewa. Shi ya sa muke dogara da na daminar Filato da ake haƙa wajen Yuli da Agusta, wanda yake isowa daidai lokacin da ya farka. Wanda yake da gaske, gara ya nemi iri ta hannun tashar binciken dankali da ke Kuru kusa da Jos, wadda take ƙarƙashin cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta Umudike, ko ta hannun manomin da aka san gonarsa aka kuma ga shukar tana tsaye. Ku haɗa kuɗi ku biyar ko shida ku aika mutum ɗaya tun watan Satumba. Ku nemi mai girman ƙwan kaza domin a shuka shi ɗungurungum ba tare da yanka ba, ku baza shi a inuwa mai haske da iska, ba a cikin buhu a ɗaki mai duhu ba, domin tsiron ya fito gajere kakkaura.

Hajiya Mai Lambun Bayan Gida, Tudun Wada:
To shi Malam na Hanwa, yaushe zai sake sa dankali a wannan wurin? Ni lambuna bai fi tabarma huɗu ba, idan haka ta same ni ban da wani gefen da zan koma.

Baba Tsohon Malamin Gona, Samaru:
Hajiya, ni ba zan ba shi shawarar ya mayar da dankali ko tumatir ko barkono a wannan wurin ba sai bayan shekara uku zuwa huɗu, kuma a tsawon wannan lokaci ya riƙa tuge duk gyauron dankalin da ya fito, domin gyauro ɗaya ya isa ya ci gaba da ciyar da cutar. Wurin ba zai zauna banza ba: da damina ya sa masara, da rani ya sa albasa, tafarnuwa, karas, kabeji ko latas. Mai ƙaramin wuri irin naki kuwa, buhu ne mafita. Ki cika buhunan da ƙasar da ba a taɓa noma dangin tumatir a cikinta ba, ki gauraya da ruɓaɓɓen taki, ki huda ƙasansu, ki ɗora su a kan bulo yadda ruwan wani ba zai shiga wani ba. Idan buhu ɗaya ya kamu, sai ki ɗauke shi da ƙasarsa ki fitar.

Mai Lambu, Hanwa:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na je wurin mai kayan gwarin da safe, na tafi da rabin dankalin nan mai zobe a leda na nuna masa, ya juya shi ya sake juyawa ya ce bai taɓa raba na iri ya duba cikinsa ba. Bai mayar mini da kuɗi ba, ni ma ban matsa ba, amma ya yarda duk wanda zai sayi na shuka a wurinsa ya raba biyu ko uku a gabansa kafin ya biya. Ragowar irin uwargida ta tsince masu kyau ta yi mana fate da su, ɓawon kuma na ƙone shi tare da gindin da na haƙe. Ɓangaren da na gyara domin dankali zan dasa masa albasa a makon nan. Kunyoyin da suka rage suna tsaye lafiya zuwa yanzu, ina ba su ruwa da garwa kwana bibbiyu, sai dai akwai gindi ɗaya a ƙarshen kunya ta uku da na ga reshensa ɗaya ya ɗan sunkuya da azahar. Baba, in haƙe shi yanzu ko in ba shi zuwa gobe?

Baba Tsohon Malamin Gona, Samaru:
Kofin gilashin yana nan, Malam. Yanki reshen da ya sunkuya daga can ƙasansa ka rataya a ruwa, idan ka ga zaren ka haƙe gindin kafin magariba, kuma ka wanke wuƙar kafin ka mayar da ita kicin.